Tsirran Arewa da Neman Maganin Daji: Matsalar Suna da Ma'ana

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da malaman yaƙi da jahilci a ƙauye ya san darasin kiwon lafiya shi ya fi kowane jawo tambaya. Cikin tambayoyin nan kuwa akwai wadda ba ta ƙarewa, ita ce: shin gaskiya ne akwai itacen da ke maganin daji? Amsar da akan bayar iri biyu ce. Wasu su ce labarin bokaye ne kawai, babu komai a ciki. Wasu kuma su ce ai Turawa ma daga itatuwa suke samo nasu, saboda haka mu sha namu mu huta da tafiya asibiti. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa kowane ɓangare ya kama gefen gaskiya ya saki gefe, kuma babban abin da ya raba su ba a ɗakin gwaje-gwaje ya faro ba, a harshe ya faro: me ake nufi da daji, kuma wane tsiro ake nufi da sunan da aka faɗa.

Mun ɗauki Lugu, garin Sarauniya da ke gundumar Dogon Dutsi a jahar Doso, don ya zame mana misali. An fi sanin garin da karon da Sarauniya Mangu ta yi da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Amma Lugu tsohuwar cibiya ce ta Aznan Arewa, inda sanin dawa da itatuwanta yake cikin jinin al'ada. Bayan haka, itatuwan da suka rufe fako da tuddan wannan yanki, daga Dogon Dutsi har Tibiri, suna cikin wani dangi da masu neman maganin daji suka daɗe da sa wa ido, kamar yadda za mu gani a gaba.

2. Mene ne daji?

A wurin likita, cutar da muke magana a kanta abu ɗaya ce ko da ta fito a wurare dabam-dabam. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana rabuwa biyu in jiki ya bukaci sabuwa, ta tsaya in bukata ta biya. Idan wasu ƙwayoyi suka ƙi tsayawa, suka yi ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa, suka kutsa cikin naman da ke maƙwabtaka da su, har suka bi jini suka yi sansani a wata gaɓa, to, wannan ita ce cutar. Ba a tabbatar da ita da ido ko da taɓawa, sai an ɗebi ɗan nama an duba.

A bakin jama'a kuwa kalmar daji ta fi haka faɗi. Kumburi mai zafi da ke yaɗuwa a ƙafa ko hannu daji ne. Gyambon da ya ƙi warkewa daji ne. Nonon mai jego da ya kumbura ya yi ruwa akan ce daji ya kama shi. Sunan kansa yana nuna inda ake zaton ciwon ya fito, watau daga dawa da iskokinta. Da yawa daga cikin waɗannan cututtuka ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, wasunsu kuma suna warkewa da kansu ko da ɗan magani. Saboda haka idan mai magani ya ce ya warkar da daji sau da dama, ba lalle ne ƙarya yake yi ba. Dajin da ya warkar ne ba shi ne na likita ba.

Wannan matsala ba ta Hausa kaɗai ba ce. Wani masani na Amurka, Jonathan Hartwell, ya tattara tsirrai fiye da 3,000 da al'ummun duniya suka ce suna maganin wannan cuta, aka buga aikinsa littafi guda a 1982. Waɗanda suka bi sawunsa sun lura cewa a wurare da yawa abin da ake nufi bai wuce ƙari ko maruru ko taurin fata ba.

Sauran kalmomin da muke da su ma kowace da nata cikas. Sankara ta fi daji kusa da ma'anar likita, kuma an saba jin sankarar mama da sankarar mahaifa. Amma a rubuce tana dab da sanƙarau, cutar da ke sanƙarar da wuya, wadda ta yi mana annoba a 1995 da kuma 2015. Abin da ya raba su a takarda bai wuce lanƙwasar ƙ da wasali ɗaya ba, ga shi kuwa yawancin masu rubutu a waya ba su sa lanƙwasa. Kalmar aro, watau kansa, ta fi su rikici, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Sabon mai karatu da ya ga an rubuta cewa wane ya sha maganin ciwon kansa, yana iya fahimtar kan mutumin ne ke ciwo.

Akwai kuma wata magana da ta bi kalmar daji duk inda ta je a ƙasar Hausa, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura, ba a sa masa wuƙa. Wannan magana ita ke tsare mace mai ƙullutu a nono a gida wata da watanni. Rajistar masu wannan cuta da aka buɗe a Yamai a 1992 ta nuna cewa a Nijar ta nono ce kan gaba a wurin mata, ta bakin mahaifa na biye, a wurin maza kuwa ta hanta. Ta nono tana cikin waɗanda ake warkewa in an zo da wuri. Ke nan ma'anar kalma ɗaya tana iya zama tsakanin rai da mutuwa.

3. Yadda tsiro ke zama magani

Gaskiya ne cewa wasu daga manyan magungunan daji na asibiti daga tsirrai aka samo su. Ya kamata mai karatu ya san yadda abin ya faru, domin a cikin labarin ne darasin yake.

Na farko ya fito daga wani ɗan fure na tsibirin Madagaska, Catharanthus roseus, wanda ake shukawa don ado a gidaje da lambunan biranenmu. Mutanen Jamaika suna dafa ganyensa su sha don ciwon sukari. A 1952 aka aika da ganyen zuwa Kanada, ya shiga hannun Robert Noble. Da aka yi wa ɓeraye allurar ruwansa, sukarin jininsu bai sauka ba, sai dai fararen ƙwayoyin jininsu suka ƙare. Nan masu binciken suka ce, abin da ke hana farin jini yawaita ai zai yi amfani a cutar da farin jini ke yawaita fiye da kima. A 1958 Noble da Charles Beer suka ware sinadarin binbilastin, a 1963 kuma aka amince da ɗan'uwansa binkiristin a Amurka. Binkiristin yana cikin haɗin magungunan da suka sa yara kusan 9 cikin 10 masu sankarar jini mafi yawa suke warkewa a ƙasashe masu hali. Ana kuma amfani da shi a kan dajin da ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro, wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958.

A lura da abu biyu. Masu maganin gargajiya sun san tsiron yana da ƙarfi, amma don wata cuta dabam suke ba da shi. Sa'an nan sinadarin ɗan mitsitsi ne a cikin ganyen, sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya. Wanda ya dafa ganyen ya sha ba zai sami abin da zai taɓa dajinsa ba, sai dai ya sami sauran dafin da ke ciki.

Na biyu shi ne taksol. Daga 1960 zuwa 1982 cibiyar binciken daji ta gwamnatin Amurka ta gwada ruwan tsirrai kimanin 114,000 da aka tatso daga irin tsiro wajen 15,000. Waɗanda suka kai ga zama magani ba su cika yatsun hannu ba. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wani itace na yammacin Amurka, Taxus brevifolia. Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana sinadarinsa a 1971, Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki a 1979, ba a amince da shi ba sai 1992. Shekara 30 ke nan daga sassaƙa zuwa allura. Da yake sassaƙar tana kashe itacen, sai Pierre Potier na Faransa ya samo hanyar haɗa makamancinsa daga ganyen wani ɗan'uwan itacen da ke Turai.

Yadda waɗannan magunguna ke aiki yana da sauƙin fahimta ga wanda ya taɓa kallon masaƙi. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu, sai ta ja waɗansu zaruruwa daga gefe zuwa gefe, waɗanda ke raba kayan gadonta gida biyu daidai wa daida. In an gama sai ta warware su. Binkiristin yana hana a ja zaren. Taksol yana barin a ja, amma ya sanƙarar da shi ya hana a warware. Ko ta wace hanya, rabuwa ta tsaya, ƙwayar ta mutu. To, amma ba ƙwayar daji kaɗai ke rabuwa da sauri ba. Ta gashi da ta hanji da ta ɓargo ma haka suke. Shi ya sa gashin majiyyaci yake zuba, jininsa ya ragu. Watau maganin daji dafi ne da aka auna. Abin da ya mai da shi magani shi ne awo: nawa za a bayar, ga mai nauyi nawa, bayan kwana nawa, tare da duba jini kowane zuwa.

Kafin a kai ga wannan awo akwai matakai. Da fari a zuba sinadarin a kan ƙwayoyin daji da ake renonsu a kwalba. In ya kashe su, ba a yi murna ba tukuna, gama ruwan zafi ma yana kashe su. Sai a gwada a jikin ɓeraye. Daga nan a ba mutane kaɗan don a san iyakar abin da jiki ke ɗauka, sa'an nan a ba wasu masu yawa don a ga ko ƙarin yana raguwa, daga ƙarshe a kwatanta shi da maganin da ake da shi a jikin ɗaruruwan majiyyata. Yawancin sinadarai a hanya suke zubewa.

4. Itatuwan Lugu da danginsu

Wanda ya hau fako a ƙasar Arewa abin da zai fi gani shi ne sabara da geza da taramniya, in ya gangara kwari ya tarar da gawo da kalgo da aduwa da magarya, ga tumfafiya a saura da bakin gari. Bari mu ɗauki kaɗan mu ga inda bincike ya kai a kansu.

Sabara, Guiera senegalensis, da geza, Combretum micranthum, da taramniya, Combretum glutinosum, da marke, duk gida ɗaya suka fito a lissafin masana tsirrai. A cikin wannan gida akwai wani itace na Afirka ta Kudu, Combretum caffrum, wanda George Pettit na jami'ar jihar Arizona ya ciro wa sinadaran kombiretastatin a shekarun 1980. Ɗaya daga cikinsu yana da wata dabara ta dabam: yana rusa ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙari jini, tsakiyar ƙarin ta mutu da yunwa. An sa rai ƙwarai a kansa, an kuma gwada shi a jikin mutane shekara da shekaru, amma gefen ƙarin yakan tsira ya sake tohowa, gwaje-gwajen ba su kai shi sahun magungunan asibiti ba. In wannan ne halin sinadarin da aka tace aka auna, ina ga gezar da aka ce danginsa ce kawai? Kama da wane ba ta wane. Geza tana da nata amfani da aka sani, ita ce ganyen shayin da mutanen Sanagal ke kira kinkeliba. Sabara kuwa mata masu jego sun san ta, ana kuma shan ta don gudawa da tari. An ware wani sinadari a ganyenta da ke kashe ƙwayoyin daji a kwalba. Matakin farko ke nan.

Tumfafiya, Calotropis procera, ta fi su nisa a hanya. Masu bincike na Beljiyam da na Burkina Faso sun bayyana wani sinadari daga ɓawon saiwarta a 2005, suka gyara shi, har aka fara gwada shi a jikin mutane, amma bai zama magani ba. Sinadaran tumfafiya suna cikin masu taɓa bugun zuciya, kuma kowane yaro a ƙauye an gargaɗe shi kada nononta ya shiga masa ido. Aduwa ma, Balanites aegyptiaca, an ciro wasu sinadarai daga ƙwallonta waɗanda suka yi aiki a kwalba da jikin ɓeraye.

Gwandar daji, Annona senegalensis, tana yawan fitowa a bakin masu magani, har wasu na ganin sunanta ma shaida ne, alhali dajin da ke cikin sunan dawa ake nufi, don a bambanta ta da gwandar gida. Danginta suna ɗauke da sinadarai masu kashe ƙwayoyin daji a kwalba. Amma a 1999 likitoci a tsibirin Gwadalup suka ba da rahoton wata cutar makyarkyata da taurin jiki a wurin mutanen da suka daɗe suna cin ƴaƴan wata ƴar'uwarta da shan ganyenta, bincike kuma ya nuna sinadaran suna lahanta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Labarin da ya fi ba da ƙarfin gwiwa shi ne na dangin namijin tsada, wanda ake kuma kira kunkushewa. A 1972 Morris Kupchan ya ciro sinadarin maitansin daga wani ɗan'uwansa na ƙasar Habasha. Da aka gwada shi a jikin mutane, dafinsa ya rinjayi amfaninsa, aka ajiye shi. Daga baya masana suka koyi ɗaura shi a jikin wani sinadari mai neman ƙwayar daji ita kaɗai, kamar yadda maharbi ke shafa dafi a tsinin kibiya ba a jikin baka ba. A 2013 aka amince da wannan haɗi don wani nau'i na sankarar mama. Shekara 41 aka yi ana jira. An kuma gano cewa ƙananan halittun da ke zaune a jikin itacen suna da hannu wajen ƙera sinadarin, kuma daga irinsu ake samo shi don haɗa maganin.

5. Suna da haɗarinsa

Duk binciken da muka zana a sama ya dogara ne a kan abu ɗaya, watau a tabbata tsiron da aka gwada shi ne wanda aka ambata. A nan ne aikin masanin harshe yake shigowa.

Hausa tana raɗa wa tsiro suna ta hanyar jingina shi da wani: namijin kaza, kazan daji, kazan ƙasa, farar kaza. Jinginar kuwa ta kama ce ko ta ɗanɗano, ba ta dangantaka ba. Namijin tsada ba tsada ba ne, ba su ma haɗa gida ba. Gwandar daji ba gwanda ba ce. Madacin ƙasa ba madaci ba ne, ɗaci kawai ya haɗa su. Ga kuma bambancin karin harshe: abin da Bakano ya kira itace Ba'are icce zai ce, taramniya a wani wuri tarauniya ce, sabara a wani bakin shabara ce. Suna ɗaya yana iya hawa tsiro biyu a garuruwa biyu, tsiro ɗaya kuma ya amsa suna uku.

Don a ga nauyin wannan magana, a dubi abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990. Wani gidan rage ƙiba ya ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da saiwar wani tsiro na ƙasar Sin. Tsirrai biyu ne ke amsa suna kusan ɗaya a harshen Sinanci, sai aka kawo wanda ba shi ake nufi ba, wani daga cikin dangin Aristolochia. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace. A wani rahoto na shekarar 2000, cikin 39 da aka yi wa aiki an sami daji a mafitsara ko magudanar fitsarin 18. A 2002 hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon ta sa magungunan da ke ɗauke da wannan dangi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Abin mamaki, a 1962 an taɓa ba da rahoton cewa sinadarin nan yana hana ƙari girma a jikin dabbobin gwaji. Wannan dangi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Aristolochia albida shi ne duman dutse, shi ne kuma madacin ƙasa, ana sayar da saiwarsa a kasuwa. Wanda aka aika neman madaci ya komo da madacin ƙasa ya sayo wani abu dabam.

Ba daga tushe za mu fara ba. Dalziel ya buga ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa a 1916, da babban littafinsa na tsirrai masu amfani a 1937. Adam da Echard da Lescot sun rubuta a kan tsirran magani na Hausawan Adar a 1972. Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen tsirran Nijar a harsunan ƙasa a shekarun 1970, ayarin Adjanohoun kuma ya fitar da nasa aiki a kan magungunan gargajiya na Nijar a 1980. A 2007 masu bincike na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun buga nazari a kan yadda masu maganin Hausawa da Fulani suke fahimtar daji da kumburi da kuma tsirran da suke ba da su. Sai dai da yawa daga tsofaffin ayyukan an rubuta sunayen ne da kunnen Bature da ƙa'idar rubutun Faransanci ko Ingilishi, babu lanƙwasa, babu tsawon wasali, ba kullum ake faɗin garin da aka ji sunan ba. Gyara wannan aikinmu ne.

6. Shawarwari

Ga masu bincike, muna ganin abu huɗu. Na ɗaya, kowane suna a rubuta shi da cikakkiyar ƙa'ida, da karin sauti da tsawon wasali, a ɗauki muryar mai faɗa, a rubuta garinsu. Na biyu, kada a karɓi suna sai da tsiron a hannu: a je da mai maganin har gindin itacen, a ɗebo reshe da ganye da fure ko ƴaƴa, a busar, a sa lamba, a ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai inda masanin tsirrai zai tabbatar da shi. Na uku, in mai magani ya ce daji, kada a yi gaggawar fassarawa. A tambaye shi kamanninsa, inda yake fitowa, ko yana zafi, ko yana ruwa, kwana nawa yake yi, da yadda yake bambanta shi da ƙari da maruru da kaluluwa da gyambo, a rubuta da kalmominsa. Na huɗu, a tuna ilmin nan yana da masu shi. A wuri irin Lugu wani sani na kowa ne, wani kuwa na gida ne ko na tsafi, ba a ba da shi sai da izini. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar ta amince da ita, ta wajabta neman yardar al'umma da raba amfani da ita. Mutanen Madagaska ba su ga abin kirki daga dukiyar da furensu ya tara ba. Kada a maimaita.

Ga masu tsara littattafan karatun manya kuma, ga abin da muke gani. A zaɓi kalma ɗaya a tsaya a kanta. Mu dai sankara muka fi so, a rubuta ta tare da gaɓar da ta kama, a kuma yi darasi na musamman da zai jera sankara da sanƙarau don mai koyo ya ga aikin lanƙwasa da idonsa. In an ambaci daji, a faɗa a fili cewa ba kowane daji ne sankara ba, kuma likita ne kaɗai ke rarrabewa. Kada a rubuta cewa tsiro kaza yana maganin sankara don an ji ya yi aiki a kwalba. A ce ana bincike a kansa, a faɗi matakin da aka kai. Abin da aka buga a littafi yana da kwarjini a idon wanda ya koyi karatu da girma, zai kuma karanta wa gidansa duka.

Kada littafin ya zagi masu maganin gargajiya, domin su ne mara lafiya ke fara zuwa wurinsu, kuma su ne za su iya cewa wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti. Amma a fito da maganar ƙarfe da allura a warware ta. Wani nazari da aka yi a jami'ar Yale ta Amurka, aka buga a 2018, ya nuna waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da wani magani shi kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa fiye da sau biyar. A kuma sanar da mai karatu cewa tun 2021 ana gashin sankara da na'ura a cibiyar yaƙi da cutar da ke Yamai. Tafiyar ta fi kilomita 250 daga Dogon Dutsi, ga kuɗin mota da na masauki, saboda haka iyali suna bukatar su san da wuri don su yi shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ƙarshe a ba rigakafi babban fili: allurar ciwon hanta ga jarirai, da busar da gyaɗa da hatsi sosai kada su yi fumfuna, domin dafin fumfuna da ciwon hanta su ne manyan masu jawo sankarar hanta a ƙasashenmu.

7. Kammalawa

Mun ga cewa tsirrai sun ba duniya magungunan sankara na gaske, amma kowanne sai da ya bi ta tacewa da awo da gwaji na shekaru masu yawa, kuma cikin dubbai kaɗan ne suka fita. Itatuwan Lugu suna da dangi a cikin waɗanda aka bincika, wasunsu ma an taɓa su, sai dai babu wanda ya kai matsayin da za a ce wa mai ƙullutu a nono ta zauna gida ta sha. Wannan ba dalilin raina su ba ne. Maitansin ya yi shekara 41 kafin ranarsa ta zo. Abin tsoro shi ne kafin ranar wani icce na Arewa ta zo, a tarar fari irin na 1973 da 1984 da gatarin masu itacen wuta sun share shi daga fako, tsohon da ya san sunansa da amfaninsa kuma ya riga mu gidan gaskiya. Tace sinadari sai masu manyan na'urori. Rubuta suna daidai, da tantance ma'anar kalma, da sa gaskiya a littafin mai koyo, wannan kam yana hannunmu, kuma ba ya jiran kowa.